Keken guragu ƙirar masu waldar Bauchi: abin da muka gani a jikin keken Kawu

Wanda ya saba bi ta wajen Kasuwar Wunti da sassafe zai iya tuna wani dattijo a kan keken guragu shuɗi, akwatin goro a gabansa, buta rataye a gefe. Yaran unguwa Kawu suke ce masa, iyayensu suka ɗauka, har sunan yanka ya kusa ɓacewa. Shan inna ce ta kama masa ƙafafu biyu tun yana ƙarami. A wurinsa ake barin makullin gida idan za a fita unguwa, shi ke riƙe kuɗin adashin masu shagunan layin, kuma yaron da ya maƙale a hanya ya ƙi zuwa makarantar allo ya san Kawu zai gan shi. Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Bayan sadakar bakwai aka shigar da keken zaure, aka fara shawarar wanda za a ba. Kafin a yanke, an kwance shi gaba ɗaya don a ga abin da ke da sauran rai a jikinsa. Abin da aka gani shi ne tushen wannan sharhi, domin keken Kawu irin wanda masu walda ke haɗawa ne a cikin gari, daga bututun ƙarfe da kayan keken hawa, kuma alherinsa da aibinsa duk na irin waɗannan kekuna ne.

Hukuncinmu tun farko: ga wanda ƙafafunsa suka shanye amma hannuwansa da bayansa na da ƙarfi, kuma yana fita neman abinci kullum, wannan keke ya fi keken asibiti mai naɗewa nesa ba kusa ba. Keken asibiti an yi shi ne don daɓen siminti. Ƙananan tayoyinsa na gaba suna nutsewa a yashi, suna maƙalewa a bakin kwalbati, kuma ranar da ɗaya ta karye sai an sha yawo kafin a sami irinta. Keken guragu kuwa tayarsa, tif ɗinsa, sarƙarsa da boris ɗinsa duk na keken hawa ne. Duk mai facin da ke bakin titi daga Wunti har Muda Lawal zai iya taɓa shi. Amma ingancinsa ya rataya ne ga hannun da ya haɗa shi, kuma a nan ake samun bambanci mai yawa tsakanin wannan shago da wancan.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Taya biyu a baya, kujera a tsakaninsu, taya ɗaya a gaba. Tayar gaba kuwa wilin baya ne na keken hawa, mai firiwil, wato ƙaramin faranti mai haƙora da ke barin wili ya ci gaba da juyawa ko an daina murza feda, aka buɗa fok, ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe tayar gaba, aka zaunar da shi. A saman sandar tuƙi an kafa feda da babban farantinta mai haƙora, sarƙa ta sauko daga nan zuwa firiwil. Da hannu ɗin da ake murzawa, da shi ake karya kwana.

Mu fara da abin da ya fi cin mutane a ɓoye, wato nauyin murzawa. Yawancin masu haɗawa suna ɗauko farantin keken hawa mai haƙora 44 ko 46 da firiwil mai 18 su ɗora yadda suka zo. An yi wannan haɗin ne don cinya. Idan wilin gaba inci 28 ne, juyinsa ɗaya yana cin ƙasa kamar mita 2.2, faranti 44 a kan firiwil 18 yana juya wilin sau biyu da kusan rabi, ke nan kowane murɗi ɗaya na hannu sai ya tura mutum da kekensa da kayansa fiye da mita 5. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta abin da daɗi. A ɗan hawa ko a cikin yashi kuwa kafaɗa ce ke biya. A keken Kawu an sauya wannan tun da daɗewa: ƙaramin faranti mai haƙora 28 daga keken yara, firiwil mai 22, wili inci 26. Murɗi ɗaya bai kai mita 3 ba. Ba ya gudu, amma yana hawa tudun layinsu ba tare da an tura shi ba. Wanda zai ba da aiki ya ƙirga haƙoran nan da yatsansa, ya nemi farantin sama kada ya wuce na ƙasa da fiye da rabi, sai fa in matashi ne mai tafiya mai nisa a kan titi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutumin da ya yi shekaru yana tafiya da hannu, kafaɗarsa da wuyan hannunsa su ne ƙafafunsa. Kuma likitoci sun san cewa wasu daga cikin waɗanda shan inna ta kama suna fuskantar sabon rauni da saurin gajiya bayan shekara 15 zuwa 40. A 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya, a jihar Borno, a 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga Afirka. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna manyanta, kuma keken da ya dace da su a shekara 20 ba shi ne zai dace da su a shekara 50 ba.

Sai yadda aka jera hannuwan fedar. A keken hawa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Idan aka bar su haka a keken guragu, duk turawar hannun dama sai kan keken ya karkata hagu, turawar hagu ta mayar da shi dama, ana tafiya ana tangaɗi. Idan aka jera su daidai, hannu biyu na tafiya tare, kan keke na tsayawa cak, kuma mutum na iya sa nauyin ƙirjinsa ya taimaka. Mun fi son wannan. Abin lura shi ne yadda aka kama hannun da aka juya. Mai gaggawa zai liƙe shi da walda a kan aksul, wato sandar ƙarfen da ke tsakiya, ranar da boris ɗin ciki ya mutu sai an yanka. Mai haƙuri zai goge sabon mazaunin kota, wato 'yar ƙusar da ke riƙe hannun feda a kan aksul, ya bar abin yana kwantuwa. A cikin wannan mahaɗa akwai boris 11 a kowane gefe idan ɗai-ɗai ne. Su ke fara cinyewa, domin ƙurar hunturu a nan take taruwa. Ita kuma kota idan ta fara motsi, ba da sifana ake jan ta ba, notinta ƙarami ne, zaren zai mutu. Buga ta ake yi da guduma ta zauna, sannan a ɗaure noti.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu hawa: a bar firiwil yana sakewa, ko a kashe shi da walda. Wanda aka kashe yana ba da damar komawa da baya, abin da mai zama a lungun kasuwa ke buƙata sau goma a wuni, kuma ana iya rage gudu da hannu. Haɗarinsa a gangara yake: fedar ba ta tsayawa, tana juyawa da ƙarfin keken, in ta kuɓuce tana dukan ƙirji ko haɓa. Wanda aka bari yana sakewa kuma dole birkinsa ya zama na gaskiya. Ga mai bin titunan Bauchi masu hawa da sauka, a bar firiwil da ransa, a koma da baya ta hanyar tura tayoyin baya da hannu.

Birki shi ne inda waɗannan kekuna suka fi kasawa, kuma ba za mu rufa wa masu haɗawa asiri a nan ba. Da yawa abin da suke sawa sandar ƙarfe ce mai danna bayan tayar gaba. Da rani tana kamawa, tana kuma cin taya. Da damina, taya ta jiƙe, ba ta riƙe komai. Abin da ya kamata shi ne birki mai roba mai kama bakin wili, da mariƙinsa a inda yatsa zai kai ba tare da an saki feda ba, sannan wani maƙalli daban da ke kulle tayar baya idan an tsaya. Wannan na biyun mutane na raina shi. Lokacin hawa da sauka ne aka fi faɗuwa, lokacin da mutum ya ɗora nauyinsa duka a hannu ɗaya keken kuma ya zame daga ƙarƙashinsa. Kawu ya daɗe yana amfani da guntun katako da ya ɗaure da igiya, yana cusa shi ƙarƙashin taya, kafin mai waldar layinsu ya yi masa maƙalli.

Yanzu ƙarfen kansa. A jikin keken Kawu an ƙirga wurin walda na gyara har shida, biyar daga ciki a wurare biyu ne: wuyan keke, inda sandar gaba ta haɗu da gangar jiki, da kuma gindin kujera. Dalilin a bayyane yake. Bututun da ake yin kujerun biki da shi, mai kaurin da bai kai milimita 1 ba, shi ya fi araha, kuma idan an sha shi da fenti ba a bambanta shi da mai kauri. Idan aka sa masa sandar walda mai kauri, geji 10, da wuta mai ƙarfi sai ta huda shi, a cike ramin, a goge. Wurin ya yi kyau a ido amma ya mutu. A nemi bututu mai kaurin milimita 1.5 aƙalla, a yi waldar da siririyar sanda, geji 12, kuma a wuya a sa ɗan ƙarfe mai kusurwa uku ya tokare. Hanyar ganewa ita ce a je shagon kafin a yi fenti. Mai aikin kirki ba zai ƙi nuna bakin bututun da ya yanka ba. Bututun ruwa mai ruwan tutiya kuma ba ya tsatsa da wuri, amma yana da nauyi, kuma kowane kilo da aka ƙara hannun mai keke ne zai ja shi har ƙarshen rayuwar keken.

Tayoyin baya ma suna da tasu matsalar. Aksul ɗin keken hawa siriri ne, bai kai milimita 10 ba, an yi shi ne a riƙe shi ta gefe biyu. Idan aka kama shi ta gefe ɗaya kawai don a rage aiki, cikin 'yan watanni zai lanƙwashe, tayoyin su buɗe ta ƙasa, saman ya fara gugar kujera. Ko dai a yi wa kowace taya gida mai riƙe ta ciki da waje, ko a sa aksul mai kauri kamar na keken asibiti, wanda rabin inci ne. Haka wayoyin wili, wato sifok: keken hawa yana kwantawa a kwana, mai taya uku ba ya kwantawa, don haka nauyi na bugun wilin ta gefe. Waya ɗaya ta tsinke, a sauya ta a ranar. In aka bari, na kusa da ita za su bi, wilin ya murɗe.

Faɗin keken kuma ciniki ne tsakanin kifewa da shiga ƙofa. Mai faɗi ba ya kifewa da sauƙi, amma zai kwana a waje. Kafin a yanka ƙarfe a auna ƙofar zauren da keken zai riƙa shiga, a rage yatsa huɗu. In ƙofar matsattsiya ce, a saukar da kujera ƙasa, domin tsayin kujera ne ke sa keke kifewa a kwana. Aksul ɗin baya ya kasance a bayan ƙugun mai zama kaɗan; in ya matso gaba, a hawa kan keken zai ɗaga. Shi ya sa akwatin goron Kawu yake a gaba, tsakanin ƙafafunsa da sandar tuƙi. Tayar gaba ce ke ja, nauyi kuma yawanci a baya yake, don haka a yashi ko a tudu sai ta riƙa juyawa a banza. Ɗan kaya a gaba yana danna ta ta kama ƙasa. Wanda ya ɗora duk kayansa a kariyar baya ya ƙara wa kansa wannan wahala.

Kujera ce ta fi kowane sashe bukatar a auna mutum, ita ce kuma aka fi yi da ka. A zaunar da mai keken a kan benci. Faɗin kujera shi ne faɗin ƙugunsa da ƙarin yatsa ɗaya ko biyu ta kowane gefe. Tsawonta ya tsaya yatsa biyu zuwa uku kafin bayan gwiwa. Idan ya miƙa feda iyakar nisanta, gwiwar hannunsa ta kasance da ɗan lanƙwasa, bayansa kuma bai rabu da majingina ba. Masu shan inna da yawa ƙafafunsu a naɗe suke, ba sa sauka ƙasa, don haka faranti suke buƙata a gaban kujera mai ɗan baki, wanda ƙafa ba za ta zame ta shiga wili ko ta ja ƙasa ba. Soso ya zama mai tauri, kaurin santimita 7 zuwa 10, a kan katako, a rufe da leda mai haske. Baƙar leda a ranar Afrilu ta Bauchi tana ƙona fata.

A nan dole a raba abu biyu. Shan inna tana kashe motsi, ba ta kashe ji. Mai ita in zama ya dame shi zai gyara. Wanda ya karye a ƙashin baya, a haɗarin mota ko faɗowa, sau da yawa ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma zama a kan katako da siririn soso zai iya buɗe masa gyambon da ke kai mutum kabari. Irin wannan kada a saya masa keken guragu kai tsaye daga shago. A fara kai shi sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a duba shi, a faɗi irin matashin zaman da ya dace da shi. A koya masa ɗaga jiki ko karkatawa duk bayan minti 15 zuwa 30, a riƙa duba fatar mazaunansa kullum. Wurin da ya sauya launi bai koma ba bayan rabin awa, a daina zama a kansa. Haka wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, mai hannu ɗaya, wannan keke ba nasa ba ne.

Masu rabon kekuna don neman lada su yi haƙuri da mu a kan wannan. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keken marasa ƙafa a ƙasashe irin namu, kuma a cikinsu akwai auna mutum, gwada masa, koya masa, da komawa a duba shi daga baya. Kekuna hamsin masu girma ɗaya da aka jera a filin taro ba su cika ko ɗaya daga ciki ba. Yaro ɗan shekara goma zai karɓi na babba, hannunsa bai kai feda ba, bayan wata biyu a ga keken a jingine ana shanya a kansa. A Jos cibiyar Beautiful Gate ta daɗe tana ƙera irin waɗannan kekuna don waɗanda shan inna ta kama, a Kano ma guragu da kansu ke ƙerawa, ke nan sana'ar ba baƙuwa ba ce a Arewa. Mai son yin alheri ya bi ta hannun sarkin guragu ko ƙungiyarsu, a kawo sunaye, a auna kowa, a ba mai walda aiki ɗaya-ɗaya. A kuma ware wani abu na gyaran shekarar farko.

Kan kuɗi, farashi na bin ƙarfe da kayan keke, yana motsi kusan kowane wata. Abin da ke kare mai saye shi ne a rubuta masa lissafi a rarrabe: bututu nawa, wili uku sababbi ne ko na hannu, taya da tif, sarƙa, soso, fenti, ladan aiki. Sarƙa ɗaya ba ta isa, sai an ƙara daga ta biyu saboda nisan. Wili na hannu mai kyau ya fi sabo mai laushi, amma taya da tif a sa sababbi.

Kulawa ba ta da wuya, dagewa take so. Iska a taya duk mako, domin taya mai laushi tana ninka nauyin murzawa, tana kuma gayyatar tsidau da ƙusa. Wasu na yanka tsohon tif su shimfiɗa cikin taya, kuma yana rage faci. Sarƙa a wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge. Baƙin mai da ake zubawa har yana ɗiga yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ga shi a daidai ƙirjin mutum yake. Sakin sarƙar kada ya wuce kaurin yatsa. A sa mata murfi ko na langalanga ne, saboda hannun babbar riga da bakin hijabi suna shiga tsakanin sarƙa da haƙora. Giris a mahaɗai sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Kuma a liƙa abu mai ƙyalli a baya da gefe: keken ƙasa-ƙasa yake, mai Keke Napep ko ɗan acaɓa ba ya ganinsa bayan magariba.

Da aka kwance keken Kawu, abin da ya fi bayyana shi ne hannuwan mutane a jikinsa. Tif ɗin baya na dama faci goma sha ɗaya ne a jikinsa, duk aikin mai facin bakin layi, wanda bai taɓa karɓar ko sisi ba, in Kawu ya miƙa kuɗi sai ya ce, "Haba Kawu, sai dai ka sa mana albarka." Ledar kujera telan da ke kusa ne ya ɗinka daga ragowar aikin kushin. Murfin sarƙa gwangwanin man gyaɗa ne aka buɗe aka lanƙwasa. A ƙofar masallacin layin kuma akwai 'yar gangarar siminti da matasa suka zuba saboda shi. Ta farko sun yi ta a tsaye, keken na ɗaga kai, sai da aka fasa aka ja ta. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, ke nan dakali mai santimita 15 yana son gangara mai santimita 180. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi irin wannan gyara. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma har yanzu mai keke na tsayawa a ƙasan matakala a wurare da yawa yana jiran a ɗauke shi.

An yanke shawarar ba da keken ga wata yarinya mai zuwa Islamiyya da rarrafe, a bayan layin. Ba a kai mata shi yadda yake ba. An zo da ita shagon walda tare da yayanta, aka auna ta a kan benci. An rage faɗin kujera da yatsa huɗu, an matso da ita gaba, an saukar da feda, an sauya boris da birki, an sa wa wuyan keken tokari. Akwatin goron an bar shi a inda yake, aka wanke, yanzu allonta da jakarta ke ciki.